Ido da Zuciya a Gaban Zane Marar Sura: Daga Faifan Kurfai Zuwa Zauren Gidan Tarihi

Wannan maƙala ta tsaya a kan tambaya guda: me ke faruwa a idon mutum da cikin ransa idan ya tsaya gaban zanen da babu mutum a ciki, babu doki, babu bishiya, sai layi da launi kawai? Masana fasaha a Turai da Amurka sun haura shekara ɗari suna muhawara a kai. Maƙalar ta ɗauko tambayar ta kawo ta Filinge, babban garin ƙasar Kurfai a jihar Tilaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai. Abin da take son tabbatarwa shi ne, mutanen wannan yanki sun daɗe da iya kallon zane marar sura, kuma salon da aka gada na baje kayansu a gidajen tarihi yana tauye wannan iyawa tasu.

Filinge tana cikin kwarin Dallol Bosso, tsohuwar hanyar ruwa da ta gangaro daga Azawak ta nufi kogin Neja. Ƙasar goriba ce, kuma da kabarta mata ke saƙa tabarma da faifai. Mai saƙar faifai daga cibiya take farawa. Takan haɗa siririn damin ciyawa ta riƙa naɗe shi da tsagin kaba, tana huda zagayen baya da basilla tana ɗinke sabon a jikinsa. Wani tsagin ta bar shi da farinsa, wani ta rina shi ja da karan dafi, ko da galurar kasuwa kamar yadda aka fi yi yanzu. Babu takarda a gabanta, babu samfurin da take kwafa. Lissafin duk yana kanta: naɗi nawa na ja kafin fari ya shigo, a zagaye na nawa za a ƙara ɗaya don kusurwar ta buɗe daidai da faɗin faifan. In ta kuskure naɗi guda kusa da cibiya, sai an kusa baki laifin zai fito, ya karkatar da zanen gaba ɗaya.

Mai saye ma da nata gwanintar. A kasuwar Filinge, ko ta Baleyara mai ci ranar Lahadi, mace takan ɗauki faifai ta miƙe hannu ta hango shi daga nesa, ta jujjuya shi, ta kife ta duba bayansa, sannan ta bi zagayen da babban yatsa tana jin ko ɗinkin ya matsu. Ta ajiye wannan ta ce launinsa ya yi yawa. Ta ɗauki wancan ta ce, “Mai wannan kam hannunta ya faɗa.” Cikin masu ciniki babu wadda za ta tambaya ko hoton mene ne. Kowa ya san layi da launi suna da nasu daɗin da nasu nauyin, ba sai sun yi kama da wani abu ba.

Haka abin yake ga ƙwaryar da aka zana da wuƙa mai zafi, da bargon tera-tera na maƙwabta Zabarmawa da ake saƙa wa amare, da aikin babbar riga inda aska takwas ke gangarowa kan aljihu, tambari kuma ya naɗe a ƙirji da baya. Ga allon zayyana da ake yi wa ɗalibi ranar saukar Alƙur'ani, inda mai zayyana ke kewaye rubutu da gidaje-gidaje na ja da rawaya da kore. Sau da yawa akan ce hanin da Musulunci ya yi game da surar abu mai rai ne ya haifar da wannan salo. Hanin ya taimaka ƙwarai, ba shakka, musamman a wajen malamai da masu ɗinkin riga. Amma zanen ƙwarya da saƙar kaba ana samun su har a wuraren da Musulunci ya iske daga baya, kuma kayan aikin kansu suna da hannu a ciki: kaba ba ta lanƙwasa yadda buroshi ke lanƙwasa, don haka mai saƙa tilas ta yi magana da kusurwa da zagaye.

Yadda Turai ta iso wurin

A Turai, inda mai zane ya yi ɗaruruwan shekaru yana ƙoƙarin kwaikwayon abin da ido ke gani, barin sura ya zo da rigima. A ƙarshen 1911 Wassily Kandinsky, ɗan Rasha mazaunin Munich, ya fitar da ɗan littafinsa kan ruhi a cikin fasaha, inda ya kafa hujjar cewa launi yana iya taɓa rai kai tsaye kamar yadda sautin kiɗa ke yi. A 1915 Kazimir Malevich ya nuna baƙin murabba'i a kan farin fili a birnin Petrograd, ya kuma rataye shi can sama a kusurwar ɗaki, wurin da Kiristocin Rasha ke ajiye hotunan ibada. Kafin su duka, wata mata 'yar Suwidin, Hilma af Klint, ta fara irin wannan zane tun 1906, ta bar wasiyya kada a nuna shi sai bayan rasuwarta da shekara 20. Da gidan Guggenheim na New York ya baje aikinta daga 2018 zuwa 2019, mutum sama da 600,000 suka je kallo, adadin da gidan bai taɓa gani ba.

Akwai abin da littattafan makaranta kan tsallake. A 1910 an yi gagarumin baje kolin fasahar Musulmi a Munich, da kaya fiye da 3,000: dardumai, tasoshi, yadudduka, rubuce-rubuce. Kandinsky ya gani har ya yi rubutu a kansa, Henri Matisse kuma ya taso daga Faransa takanas domin kallo. Ke nan masu zanen da ake cewa su suka buɗe wannan hanya sun leƙa ta a wajen wasu tukuna.

Sai dai a yi hattara. Mai saƙar faifai a Kurfai ba Kandinsky ba ce, kuma ba ta buƙatar zama shi kafin a daraja ta. Faifanta murfin ƙwarya ne, da shi ake sheƙe hatsi, kuma zane-zanen Hausa da dama suna da sunayen abubuwa, irin su aska da tambari da dagi. Inda suka haɗu shi ne wajen mai kallo: dukansu biyu sun miƙa wa ido layi da launi, sun bar masa ragowar aikin.

Aikin ido

Ido ba ya ɗaukar abu gaba ɗaya a tashi guda. Wurin da yake gani tas bai wuce faɗin babban yatsa ba idan an miƙe hannu, shi ya sa yake tsalle daga nan zuwa can kusan sau uku a kowane sakan, ƙwaƙwalwa tana harhaɗa guntayen. Alfred Yarbus, masani ɗan Rasha wanda littafinsa ya fito da Ingilishi a 1967, ya bi sawun wannan tsalle da na'ura. Ya nuna cewa in akwai fuska a hoto, ido yana komawa ne kan idanu da baki, kuma tambayar da aka yi wa mutum kafin ya kalla tana sauya hanyar da idonsa zai bi. To, a zane marar sura babu fuskar da za ta kama ido ta zaunar da shi. Sai ya shiga yawo, yana bin gefe, yana ƙirga maimaici, yana neman inda tsarin ya karye. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, sun gano cewa a sashen gani na ƙwaƙwalwa akwai ƙwayoyin da ba sa motsawa sai sun ci karo da layi mai wata karkata, wasu na tsaye, wasu na kwance. Da layi gani yake farawa, kafin a kai ga gane doki ko mutum.

Batun launi kuwa daga marina aka fahimce shi. Michel-Eugène Chevreul shi ne shugaban sashen rini a masaƙar Gobelins ta Paris, aka riƙa kawo masa ƙara cewa baƙin zarensa ba ya baƙi sosai. Ya bincika ya tarar rinin lafiya lau yake, launin da ke kusa da shi ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya wallafa abin da ya gano. Duk macen da ta taɓa raba ja da kore da siririn farin tsagi don kada su dusashe juna ta san wannan doka a hannunta, ko da ba ta taɓa jin sunan mutumin ba.

Bayan ido sai abin da mai kallo ya zo da shi daga gida. Ernst Gombrich, masanin tarihin fasaha, a littafinsa na 1960, ya kira shi rabon mai kallo. Eric Kandel, masanin ƙwaƙwalwa, ya ƙara a 2016 cewa gwargwadon yadda zane ya rage bayani, gwargwadon yadda mai kallo zai ciko gurbin daga tunaninsa da abin da ya taɓa ji a ransa. Bakurfen da ya girma yana ganin jeren faifai a bangon ɗakin mahaifiyarsa, in ya ci karo da ja da fari sun zagaya haka a wani zaure a Yamai, ba launi kaɗai zai gani ba.

Ƙasar Kurfai tana da labarin da ya nuna ƙarfin wannan rabo fiye da kowane gwaji. A 1925, a garin Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibo ta fito da sababbin iskoki waɗanda aka sani da Babule ko Hauka, masu kwaikwayon sojoji da jami'an Turawan mulki. Kwamandan Yamai na lokacin, Croccichia, ya kama mabiyanta ya tsare su, amma abin ya bi 'yan ci-rani har Gwalkwas, wato Gana ta yau. A can ne Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsu a wajen Akara a 1954. Maƙalar ba ta shiga hukuncin bori ba, matsayin malamai a kansa sananne ne. Abin lura shi ne yadda suka taƙaita mulki zuwa 'yan alamu: guntun katako ya zama bindiga, suri da aka shafa wa fenti ya zama fadar gwamna, taku da ƙamewa suka zama soja. Da aka haska fim ɗin a gidan tarihin Musée de l'Homme na Paris, malamin Rouch, Marcel Griaule, ya nemi a lalata shi. 'Yan Afirka da ke zauren sun ji an ci mutuncinsu. Hukumar Ingila ta hana nuna shi a ƙasashen da take mulka, don ta ga kanta ake yi wa shaguɓe. A 1957 kuma alƙalai a Venis suka ba shi lambar yabo. Hoto ɗaya ne ya wuce a gaban kowa. An ciro abu daga mahallinsa aka kai shi zaure, kowa ya cike gurbin da abin da ke damunsa.

Zauren baje koli

Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai an buɗe shi a 1959, Pablo Toucet ne daraktansa na farko, daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama, wanda ya tsaya tsayin daka wajen kafa shi. Gida ne da ya cancanci yabo. A fili mai faɗin kusan hekta 24 an haɗa rumfunan tufafi da kayan kiɗa, ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, ragowar itacen Tenere da mota ta kayar a 1973, da gidan namun daji. Mafi kyawun dabarar da aka yi ita ce zaunar da maƙera da dukawa da masaƙa a cikin harabar suna aiki a idon jama'a. Rumfunan kansu farare ne da aka ƙawata da shuɗin zane irin na ginin Hausa. Yara da yawa sukan wuce wannan zane da gudu don su je ganin dorina da zaki, alhali yana cikin mafi kyawun abin da gidan ke da shi.

Matsalar ta wuce gida ɗaya. Gado ce da gidajen tarihin Afirka ta Yamma suka ɗauko daga masu nazarin al'adu na zamanin Turawa. A wannan salo, kaya shaida ne na ƙabila. Akan jera ƙwarya goma a bayan gilashi, a rubuta sunan ƙabila, da abin da aka yi ta da shi, da amfaninta. Mai kallo ya karanta, ya gyaɗa kai, ya wuce. Takardar ta riga ta gaya masa tambayar da zai yi, kuma kamar yadda Yarbus ya nuna, tambaya ke jan ido. Wanda aka ce masa “abin zuba fura ne” ba zai tsaya bin layin wuƙar ba.

Lokaci ma yana cikin lissafi. A 2001 Jeffrey Smith da Lisa Smith sun auna tsayuwar maziyarta a gaban fitattun zane-zane a gidan Metropolitan na New York, suka samu matsakaicinta sakan 27. Cikin sakan 27 mutum na iya gane doki a hoto ya tafi da wani abu. Zane marar sura kuwa bai ma fara buɗewa ba. Mai zane Mark Rothko ya san haka, shi ya sa yake so a rataye manyan allunansa ƙasa-ƙasa, a rage haske, mutum ya matso kusa har launin ya cika masa ido. A ɗakin natsuwa da aka buɗe da sunansa a Houston a 1971, zane 14 ne masu duhu da bencina, babu ƙari. James Elkins, wanda ya karanta littattafan da maziyarta ke rubuta ra'ayinsu a wurin, ya tarar da masu cewa sun zubar da hawaye. Babu dalilin da zai sa a yi wa fentin Rothko wannan tanadi a hana bargon tera-tera.

Misalin Ibrahim El-Salahi na Sudan ya fi kusa da gida. Ɗan malamin makarantar allo ne a Omdurman. Ya yi karatun zane a Landan, ya koma gida a 1957, daga baya ya baje aikinsa, jama'a suka zo buki suka tafi ba tare da zanen ya ce musu komai ba. Sai ya koma ga harafin Larabci da adon da mutanensa suka tashi da shi, yana karya harafin yana miƙar da shi har ma'anar karatu ta ɓace, siffar ta rage. A nan mutane suka fara tsayawa. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya baje aikin rayuwarsa. Ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, hanya mai kama da wannan suka bi. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kai kayan Hausa Landan a 1976 da sunan fasaha ƙarara, ba tarkacen al'ada ba.

Gyaran da ake buƙata ba mai tsada ba ne. Faifai uku da aka zaɓa da kyau, aka rataye daidai ido da tazara tsakaninsu, sun fi talatin a cunkushe. Zanen ƙwarya da na bango suna da tudu da kwari, don haka haske daga gefe suke so, hasken sama yana shafe su. A ajiye benci ko tabarma a gabansu. Tun da a Kurfai hannu yana taya ido kallo, a tanadi wasu kayan da za a taɓa, a bar tsofaffin a gilashi. Bayani ya koma gefe, gajere, da Hausa da Zabarmanci da Tamashek tare da Faransanci, mai kallo ya iske shi bayan ya gama kallo. Allon zayyana kuma a baje shi da ladabin da ya dace da abin da ke rubuce a jikinsa, bisa shawarar malamai. In an samu hali, a rataye aikin masu zanen zamani na Nijar a ɗaki ɗaya da saƙar matan karkara, a bar mai kallo ya ga inda suka yi kama da inda suka rabu.

Sai batun suna, wanda shi ya fi damun marubucin wannan maƙala. An san Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. An san Falke Barmu, maginin masallacin Yama a jihar Tawa, wanda aikinsa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Da yake an san sunayensu, ana iya bin hannunsu, a ce nan ya gada, nan ya ƙirƙira. Matan da suka saƙa faifan da ke cikin gilashi kuwa, “Hausa” kawai aka rubuta a madadinsu, alhali a ƙauyensu kowa na iya nuna aikin wance daga nesa. Mai kallon da ya san mutum guda ce ta zauna ta zaɓi wannan ja ta bar wancan, kallonsa daban yake da na wanda aka ce masa al'ada ce ta yi.

Lokaci yana ƙurewa. Tabarmar roba da kwanon silba sun cika kasuwanni, 'yan mata ƙalilan ke zama koyon kaba, rashin tsaron da ya addabi arewacin jihar Tilaberi kuma ya rage zirga-zirgar masu bincike, ya tashi wasu ƙauyuka daga mazauninsu. Yaron Filinge ko Shikal ko Tukunus ba lallai ya sami zuwa Yamai ba. Amma ƙaramin baje koli na iya zuwa gare shi a zauren makaranta, da kayan da aka aro daga ɗakunan garin, a mayar wa masu su bayan mako biyu.

Kira a nan ga hukumar gidajen tarihi, da malaman Jami'ar Abdu Mumuni, da sarakunan Kurfai: a tura ɗalibai 'yan yankin su zauna da tsofaffin masaƙa da masu zanen ƙwarya, su rubuta sunayensu da yardarsu, su ɗauki sunan kowane zane da kalmomin da ake yaba shi ko kushe shi da su, tun masu wannan sani suna raye.